Guguwar rana: me ke faruwa a sama, kuma me ya shafe mu a ƙasa?

Shin da gaske ne rana za ta iya ɗauke wutar lantarkin ƙasa guda, ta katse intanet, ta rikita wayoyin hannu? Kuma ko guguwar rana na da hannu a zafin da muke sha a bazara? Tambayoyin nan sun yawaita tun daren 10 ga Mayun 2024, lokacin da guguwar rana mafi ƙarfi cikin shekara 20 ta afka wa duniya. A daren, mutane a Mexico da Afirka ta Kudu suka ga sama ta yi ja, wani haske da aka saba gani a kusa da ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya kawai. Hotuna suka cika kafofin sada zumunta, jita-jita ta biyo baya. Wasu suka ce ƙarshen intanet ya zo, wasu kuma suka ce Turawa ne da neman abin tsoratar da mutane.

Duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya. Haɗarin na gaske ne, amma yana da wuraren da yake cizo, kuma rabon da ya faɗo wa yankinmu daban yake da na Kanada ko Sweden.

Abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya

Rana dunƙule ce ta iskar gas mai tsananin zafi, wadda ƙwayoyin zarrarta suka rabu da ilektoron ɗinsu, saboda haka kowace ƙwaya tana ɗauke da cajin lantarki. Masana na kiran irin wannan gas filasma. Duk inda caji ke motsi, maganaɗisu na samuwa. Da yake rana ba daskararren abu ba ce, yankin ikwaitanta na kammala juyawa cikin kwana 25, yayin da ƙuryoyinta ke ɗaukar fiye da kwana 30. Wannan bambancin juyi yana murɗe layukan maganaɗisun, kamar igiyar guga da aka yi ta murɗawa har ta fara ƙullewa da kanta. Inda ƙullin ya huda fuskar rana, sai a ga baƙin tabo. Idan murɗin ya kai maƙura, layukan su tsinke su sake haɗuwa, ƙarfin da ya taru ya fita a lokaci guda.

Abin da ke fitowa iri uku ne, kuma kowanne da saurinsa. Na farko walƙiya ce, haske mai ƙarfi haɗe da hasken X-ray, wanda ke cinye tazarar kilomita miliyan 150 da ke tsakaninmu da rana cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu. Ba a iya yin gargaɗi kafin isowarsa, domin ganinsa shi ne isowarsa. Na biyu ƙwayoyi ne masu gudun tsiya, yawanci proton, waɗanda wasunsu ke isowa cikin ƙasa da awa ɗaya. Na uku shi ne mai nauyin: curin filasma mai nauyin biliyoyin tan, ɗauke da nasa maganaɗisun, wanda ke yin kwana ɗaya zuwa uku ko huɗu a hanya. Shi ne idan ya bugi garkuwar maganaɗisun duniya yake girgiza ta, kuma wannan girgizar ce ainihin guguwar. Nazarin duka ukun da tasirinsu a kan kayan fasaha shi ake kira ilimin yanayin sararin samaniya.

Abin yana da lokacinsa. Yawan tabon rana na hawa da sauka duk bayan kimanin shekara 11. Zagayen da muke ciki, na 25 tun da aka fara ƙidaya, ya soma a Disambar 2019, kuma a Oktoban 2024 hukumomin Amurka suka sanar cewa ya shiga ganiyarsa. Shi ya sa labaran suka yi yawa a 'yan shekarun nan.

Matashin da aka ce ya koma ɗakin karatu

Duk wannan bayani yana tsaye ne a kan wani tunani da shekara 70 da suka wuce manyan masana ba su yarda da shi ba. A lokacin, an ɗauka cewa tsakanin rana da duniya kusan fayau yake, sai dai ɗan abin da rana kan watso jefi-jefi.

Eugene Parker, haifaffen jihar Michigan ta Amurka a 1927, ya yi digirin digirgir a Caltech a 1951, ya koyar a Jami'ar Utah, sannan ya koma Jami'ar Chicago a 1955. Abubuwa biyu suka tsaya masa a rai. Bajamushe Ludwig Biermann ya lura cewa wutsiyar tauraro mai wutsiya kullum tana juya wa rana baya, ko ta ina tauraron ya nufa, kamar akwai abin da ke hura ta. Shi kuma Baturen Ingila Sydney Chapman ya nuna cewa rawanin rana, wato farin hasken nan da ake gani kewaye da ita idan an yi husufi cikakke, yana da zafin da ya kai digiri miliyan ɗaya, kuma zafin na iya miƙewa har ya wuce duniya. Chapman ya ɗauka rawanin a tsaye yake cik. Parker ya zauna ya yi lissafi, ya ga cewa gas mai irin wannan zafi ba zai iya tsayawa ba. Nauyin rana ba zai riƙe shi ba, dole ya riƙa kwarara waje dare da rana, da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa. Ya kira abin iskar rana.

Da ya aika takardarsa ga mujallar Astrophysical Journal, masana biyu da aka ba su duba ta suka yi watsi da ita. Parker ya sha ba da labarin yadda ɗayansu ya ba shi shawarar ya je ɗakin karatu ya karanci fannin tukuna. Editan mujallar, Subrahmanyan Chandrasekhar, ɗan asalin Indiya wanda daga baya ya ci kyautar Nobel, shi ma tunanin bai kwanta masa ba. Amma ya bi lissafin layi-layi bai ga kuskure ba, sai ya buga takardar a 1958. Wannan hali na Chandrasekhar yana burge ni ƙwarai. Yana da iko, yana da ra'ayi, amma ya bar hujja ta yi hukunci a kan aikin yaro ɗan shekara 31.

Ba a daɗe ba aka samu shaida. Kumbunan Luna na Tarayyar Sobiyat sun ci karo da ƙwayoyin a 1959. A 1962 kumbon Mariner 2 na Amurka, a hanyarsa ta zuwa duniyar Zahra, ya yi watanni yana auna su, kuma Marcia Neugebauer da Conway Snyder suka nuna cewa iskar ba ta yankewa, gudunta kuma ya yi daidai da abin da Parker ya faɗa. Yau an san tana gudu tsakanin kilomita 300 da 800 a daƙiƙa.

Parker ya zauna a Chicago har ƙarshen aikinsa. A 1988 ya kawo shawarar cewa ƙananan walƙiyoyi marasa adadi ne ke dumama rawanin rana, domin akwai abin ɗaure kai a nan: fuskar rana digiri 5,500 ce, amma rawanin da ke samanta ya fi ta zafi ninki ɗaruruwa. Har yau ana muhawara a kan dalilin. A 2017 hukumar NASA ta sa sunansa a kan kumbon da za ta tura ya kutsa cikin rawanin, karo na farko da ta sa wa kumbo sunan mutumin da ke raye. Yana da shekara 91 ya je Florida ya kalli tashin Parker Solar Probe a ranar 12 ga Agustan 2018. Ya rasu a Maris ɗin 2022. A ranar 24 ga Disambar 2024 kumbon ya wuce ta tazarar kilomita miliyan 6.1 daga fuskar rana, yana gudun kusan kilomita 690,000 a awa, kusancin da babu wani abin da ɗan'adam ya ƙera da ya taɓa yi.

Ƙwayoyin da ke bin lanƙwasasshiyar hanya

Wanda ya kawo Parker Chicago shi ne John Simpson, masanin da ya ƙirƙiro na'urar ƙidaya ƙwayoyin nutiron da ke nuna isowar ƙwayoyi masu ƙarfi daga sama. A ranar 23 ga Fabrairun 1956 wata babbar walƙiya ta tashi a rana, na'urorin suka yi tsalle a sassa daban-daban na duniya. Har yau ba a sake auna irinta a doron ƙasa ba. Abin da ya ja hankalin Simpson da Parker da abokin aikinsu Peter Meyer shi ne, bayan walƙiyar ta mutu, ƙwayoyin sun ci gaba da zuwa na tsawon awanni, daga kowace kusurwa. Wannan ya nuna akwai maganaɗisu a sararin da ke tsakanin duniyoyi, yana tare su yana warwatsa su.

Iskar rana ce ta bayyana daga ina maganaɗisun yake. Tana jan layukansa daga rana zuwa waje, ranar kuma tana juyawa, sai layukan su lanƙwashe su zama murɗaɗɗen zobe mai faɗaɗa. Ƙwayoyi masu caji suna bin waɗannan layuka ne, ba sa tafiya miƙe. Sakamakon haka, fashewar da ta faru a gefen yamma na fuskar rana, wadda mai kallo zai ce ba ta fuskance mu ba, ita ce sau da yawa ke jefo mana ƙwayoyi da sauri. Masu hasashe suna aiki da wannan ilimi kullum.

Mu da ke ƙasa, iskar da muke shaƙa da maganaɗisun duniya sun tsare mu daga waɗannan ƙwayoyi. Wanda ke cikin haɗari shi ne ɗan sama jannati da tauraron ɗan'adam. A Agustan 1972 an yi ruwan ƙwayoyi mai tsanani, tsakanin tafiye-tafiyen 'yan sama jannatin Amurka zuwa wata, na Apollo 16 a Afrilu da Apollo 17 a Disamba. Da akwai mutum a kan wata a lokacin, da ya sha tururin da zai iya kwantar da shi. Jiragen sama masu ratsa ƙuryar arewa ma kan sauya hanya idan abin ya yi ƙarfi.

Ɓarnar da aka riga aka gani

Mafi shahara ita ce ta Satumbar 1859. Richard Carrington yana zanen tabon rana a Ingila ya ga farin haske ya tashi, bayan awa 17 da rabi guguwar ta iso. Wayoyin tangaraho suka riƙa tartsatsi, wasu ma'aikata wuta ta ja su. A lokacin tangaraho ne kawai dogayen wayoyin da ake da su.

Dalilin shi ne, idan maganaɗisun duniya ya girgiza, yana haifar da lantarki a cikin duk wani dogon ƙarfe: layin wuta, bututun mai, layin dogo. Wannan baƙon lantarki idan ya shiga babban taransifoma, sai ya yi zafi fiye da kima. A ranar 13 ga Maris ɗin 1989 layin wutar lardin Quebec na Kanada ya durƙushe cikin ƙasa da minti biyu, mutum miliyan 6 suka zauna babu wuta na awa 9. A ƙarshen Oktoban 2003 wuta ta ɗauke a birnin Malmo na Sweden, kuma, abin da ya ba masana mamaki, manyan taransifomomi sun lalace a Afirka ta Kudu, ƙasar da aka ɗauka tana nesa da wannan matsala. A Fabrairun 2022 wata 'yar ƙaramar guguwa ta dumama saman iskar duniya har ta kumbura, ta ja taurarin ɗan'adam na Starlink 38 cikin 49 da aka harba, suka faɗo suka ƙone. A Mayun 2024 kuwa, layukan wuta sun jure, amma manoma a tsakiyar Amurka sun ajiye taraktocinsu masu aiki da GPS ana tsakiyar shuka, domin na'urorin sun daina gane inda suke.

Inda masana suka saɓa

Babu mai musun cewa irin ta 1859 za ta sake zuwa. A Yulin 2012 wata mai kama da ita ta fito, amma ta nufi wani gefe, sai kumbon STEREO-A ne ya sha ta. Saɓanin yana kan girman ɓarnar. Wani rahoto da cibiyar kimiyya ta ƙasar Amurka ta fitar a 2008 ya kawo ƙiyasin asarar dala tiriliyan 1 zuwa 2 a shekarar farko, da farfaɗowar da za ta ɗauki shekara 4 zuwa 10, saboda manyan taransifomomi ba a ajiye su a shago, sai an yi odar ƙera su. Injiniyoyin Birtaniya kuwa, a nasu rahoton na 2013, sun ce a ƙasarsu za a samu ɗaukewar wuta a wasu yankuna da lalacewar taransifomomi ƙalilan, ba durƙushewar ƙasa ba. Bambancin ya danganta da tsawon layuka, irin dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa, da kusanci da ƙuryar duniya.

Maganar mutuwar intanet ta samo asali ne daga wani bincike na 2021 da Sangeetha Abdu Jyothi ta Jami'ar California ta gabatar. Zaren gilashin da ke ɗaukar bayanai ba ya jin maganaɗisu. Abin da ta nuna damuwa a kai shi ne na'urorin ƙara ƙarfin sigina da ke jere a kan wayoyin ƙarƙashin teku, waɗanda ke aiki da lantarki. Gargaɗi ne ga injiniyoyi su shirya, amma da labarin ya shiga hannun masu neman a danna shafinsu, sai ya koma annabcin ranar da duniya za ta yi shiru. A ganina masu sassaucin ƙiyasi sun fi kusa da gaskiya, da sharaɗin kada a manta cewa tsarin lantarki da sadarwar zamani bai taɓa haɗuwa da guguwa irin ta 1859 ba. Kowane ƙiyasi lissafi ne.

Batun zafi

Nan amsar gajera ce. Ƙarfin hasken da rana ke aiko mana yana sauyawa da kusan kashi 0.1 cikin 100 ne kawai tsakanin ganiyar zagayen da kwanciyarsa. Guguwar rana tana aikinta a can sama da kilomita 80, nesa da inda gajimare da ruwan sama suke. Zafin Afrilu da Mayu a Sakkwato ko Maraɗi daga tsayuwar rana a tsakar ka ne kafin damina, ga bushewar ƙasa, ga ɗumamar yanayi da hayaƙin masana'antu ke jawowa. Haka kuma fitowa rana a ranar guguwa ba ta da wani ƙarin haɗari ga fata, kuma ba sai an kashe waya ba.

Rabonmu: rediyo da GPS

Duk wanda ya tashi a gidan da ake murɗa akwatin rediyo da asuba ana neman Landan ko Jamus a gajeren zango, ya riga ya yi hulɗa da yanayin sararin samaniya ko bai sani ba. Muryar da ke tasowa daga wata nahiya tana isowa ne saboda wani rufi na iska mai caji, ayonosfiya, wanda hasken rana ke samarwa daga kimanin kilomita 60 zuwa sama. Siginar na tashi ta bugi rufin ta dawo ƙasa. Rufin na sauyawa tsakanin dare da rana, shi ya sa tashoshi ke amfani da mita daban da safe, daban da dare. Idan babbar walƙiya ta tashi, ƙasan rufin yakan yi kauri ya shanye siginar, gajeren zango ya mutu na mintuna ko fiye da awa a duk ɓangaren duniya da rana ke haskawa. Matuƙan jiragen sama da ke ratsa teku da hamada suna dogara da irin wannan zango. FM da wayar salula ba sa bi ta can, shi ya sa ba su cika jin komai ba.

Babban abin da ya keɓanta da mu shi ne wurin da muke zaune. Layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu bai bi layin ikwaita na taswira ba. A Afirka ta Yamma ya hauro arewa, ya ratsa Najeriya. A saman wannan layi, kimanin kilomita 100 daga ƙasa, akwai wani kogin lantarki da ke kwarara gabas da rana. Bayan faɗuwar rana kuma, ayonosfiyar yankin kan yi ramuka, wuraren da cajin ya ragu ƙwarai. Siginar GPS da ta ratsa ta cikinsu sai ta riƙa rawa, na'ura ta yi kuskuren mitoci, wani lokaci ta rasa tauraron gaba ɗaya. Wannan na faruwa ko babu guguwa, ya fi yawa a watannin da dare da rana ke daidaita, kuma yana tsananta a shekarun ganiyar rana.

Ga mai neman hanya a taswirar waya, kuskuren 'yan mitoci ba komai ba ne. Ga safiyo mai auna fili, wanda kuskurensa zai iya zama shari'ar iyaka tsakanin maƙwabta, ko jirgin da ke sauka da taimakon tauraron ɗan'adam, ko masu haƙar mai a teku, magana ce babba. Hanyoyin sadarwa da na wutar lantarki da yawa ma daga GPS suke karɓar daidaitaccen lokaci. Layin wutarmu kuwa yana da nasa cututtukan na gida da suka fi rana kusa, kuma bai kamata a bari wani ya fake da guguwar rana ba. Amma darasin Afirka ta Kudu ya isa ya sa a riƙa auna baƙon lantarki a manyan taransifomomi yayin da layuka ke ƙara tsawo suna haɗe ƙasashen yankin.

'Yan Afirka ba 'yan kallo ba ne a wannan fanni. Cyril Onwumechili ya yi shekaru yana nazarin wancan kogin lantarki tun daga Ibadan, har ya zama ɗaya daga cikin waɗanda duniya ke komawa gare su a kansa. Farfesa Francisca Okeke ta Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta karɓi kyautar L'Oréal da UNESCO a 2013 saboda bincikenta a kan sauyin lantarkin saman iska. Hukumar sararin samaniya ta Najeriya tana da cibiyar binciken iska a Anyigba ta jihar Kogi. Afirka ta Kudu kuma ta buɗe cibiyar hasashe mai aiki dare da rana a Hermanus a 2022.

Minti nawa ake da su?

Masu hasashe, irin na cibiyar Boulder a jihar Colorado, suna auna guguwa daga mataki na 1 zuwa na 5, kuma ta Mayun 2024 ce ta farko da ta kai na 5 tun 2003. Suna ganin curin filasma ya baro rana, su ƙiyasta lokacin isowarsa, sau da yawa da kuskuren awanni. Abin da ba sa iya gani daga nesa shi ne inda maganaɗisun curin ya fuskanta. Idan arewa ya fuskanta, yawancin ƙarfin yakan zame ya wuce. Idan kudu ne, sai ya haɗe da na duniya, ƙofa ta buɗe. Ba a tabbatar da wannan sai curin ya iso kan kumbunan da ke gadi a tazarar kilomita miliyan 1.5 daga duniya, kuma daga nan saura minti 15 zuwa awa ɗaya. Cikin wannan ɗan lokaci masu kula da layin wuta ke rage lodi, masu taurarin ɗan'adam su kashe na'urori masu laushi.

Hasashen ramukan ayonosfiya na yankinmu ya fi wannan wuya, kuma dalili ɗaya shi ne ƙarancin ma'auni. Turai da Amurka da Japan cike suke da na'urorin auna maganaɗisu da na karɓar siginar GPS, yayin da faɗin Sahel ke da 'yan ƙalilan, ga matsalar wuta da kulawa da kan sa su yi shiru. Lissafin da aka gina da bayanan wasu nahiyoyi ba lallai ya dace da samanmu ba. Irin waɗannan na'urori ba kumbo ba ne, ɗaki ɗaya da farantin sola da mai kula sun ishe su, kuma jami'o'in Zariya da Kano da Yamai suna zaune ne kusa da layin da masana daga nesa ke neman bayanansa.